DAGA BAKIN ALLO: Rawani Ne ko Gammo?

 

Wata ran Lahadi, yau shekara huɗu ke nan da 'yan watanni, an tashi sujada ina ƙoƙarin tā da babur a gindin darbejiya, sai wani dattijon ikkilisiyarmu ya yafuto ni. Ya zaro wata takarda daga aljihun rigarsa, ta sha ninki har ta soma yagewa. Ya ce, "Malam, don Allah karanta mini wannan a tsanake. 'Yarka ta karanta mini jiya, amma murna ta hana ta yi mini bayani."

Yarinyar ɗalibata ce, na koyar da ita a aji biyar da aji shida. Na riga na ji labari wata jami'ar jiha a Amurka ta ba ta gurbin karatu har da taimakon kuɗin makaranta. Wannan kuwa takarda ce ta biyu daga jami'ar, ana gayyatarta ta shiga wani shiri na musamman da su ke yi wa ɗalibai haziƙai masu neman digiri na farko. Sunan shirin da Turanci wata kalma ce mai ma'anar girmamawa.

Da na gama fassara masa, sai ya yi shiru. Can ya ce, "Watau an zaɓe ta a cikin zaɓaɓɓu. To, Malam, sarauta ce aka naɗa mata ko me? In sarauta ce, ni fa ina jin tsoro. Na ga 'ya'yan da ilmi ya hau musu ka, suka dawo gida ba su iya durƙusawa su gai da uwar da ta haife su."

Na ce, "Baba, ba ni mako guda in bincika." Abin da na samo a makon nan, da abin da na gani da idona a shekarun da suka biyo baya, shi na ke so mu tattauna yau. Ko da ɗanka ba zai taɓa hawa jirgin sama ba, maganar ta shafe ka, gama kusan kowane gida akwai yaron da kansa ya fi ja, akwai kuma 'yan'uwansa da ke kallon yadda a ke yi da shi.

ASALIN ABIN

Kusa da birnin Filadelfiya na Amurka akwai wata ƙaramar kwaleji mai suna Swarthmore. Wata ɗariƙar Kirista da a ke kira Kweka ce ta kafa ta a 1864. A 1921 aka naɗa wani malami mai suna Frank Aydelotte ya zama shugabanta. Mutumin nan ya yi karatu a Oxford ta Ingila daga 1905 zuwa 1907, ya ga yadda a can malami ya kan zauna da ɗalibi ɗaya ko biyu, ya sa su karanta, su rubuta, su zo su kāre abin da suka rubuta. Da ya koma gida sai abin da ya tarar ya dame shi. A kwalejojin Amurka kowa tafiya ɗaya ya ke yi: lacca ɗaya, aiki ɗaya, jarrabawa ɗaya. An auna tafiyar da ƙafar matsakaicin ɗalibi. Mai saurin fahimta kuwa ba abin da ya ke koya sai lalaci, domin da ɗan ƙoƙari kaɗan ya kan ci jarrabawa.

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san gaskiyar wannan magana. Ka rubuta lissafi goma a allo ga yara sittin. Kafin ka juya ka kakkaɓe hannu, akwai yaro guda da ya gama. Sauran suna kan na uku. Me zai yi da sauran lokacin? Sai tsokana, da jifa da takarda, da mintsinin na kusa da shi. Ni kaina na yi shekaru ina dukan irin waɗannan yara a kan rashin ji, ko in ba su aikin rubuta sunayen masu surutu don su bar ni in huta. Ashe yunwa ce ke damunsu, ni kuwa ina ba su bulala maimakon tuwo.

A 1922 Aydelotte ya soma sabon tsari. Ɗaliban da suka nuna ƙwazo, suka kuma yarda da kansu, a kan cire su daga lacca ta yau da kullum a shekaru biyu na ƙarshe. Su kan ɗauki fanni biyu kawai a lokaci guda, su nutse a ciki. Sau ɗaya a mako su kan taru, 'yan kaɗan, sau da yawa a falon gidan malaminsu, su yi sa'o'i suna karanta abin da suka rubuta, 'yan'uwansu suna yi musu tambayoyi. A ƙarshen shekara biyun sai a kira malamai daga waɗansu jami'o'i dabam, baƙi waɗanda ba su san ɗaliban ba, su yi musu jarrabawa a rubuce da kuma da baki. Malamin da ya koyar ba shi ke ba da maki ba. Saboda haka babu neman fada, babu kuma tsoron malami. Shi da ɗalibinsa sun zama kamar manomi da ɗansa da ke shirin kai amfanin gona gaban mai awo. An yi wa tsarin gyare-gyare daga baya, amma har yanzu kwalejin tana kiran baƙin malamai su yi wannan jarrabawa.

Ku lura da abu guda. Ba hutu Aydelotte ya ba haziƙan nan ba. Aiki ya ƙara musu, ya kuma kai su gaban alƙalan da ba su san iyayensu ba.

YADDA YA YAƊU

Waɗansu kwalejoji sun kwaikwayi tsarin tun a wancan lokaci, amma abin da ya ƙara masa wuta tsoro ne. Ran 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko da ya kewaya duniya. Hankalin Amurkawa ya tashi, suka ce abokan gāba sun tsere musu a ilmi. A 1958 majalisarsu ta yi dokar zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi da harsunan waje. Jami'o'i suka shiga neman haziƙan yara ruwa a jallo. A 1960 Jami'ar Oregon ta buɗe kwaleji sukutum a cikinta domin irin waɗannan ɗalibai. A 1966 masu gudanar da shirye-shiryen suka kafa majalisarsu ta ƙasa, ɗaruruwan makarantu kuma suka shiga. Jami'ar Jihar Arizona ta buɗe tata kwalejin a 1988.

Makarantun Kirista ma ba a bar su a baya ba. Jami'ar Biola ta Kalifoniya ta soma nata shirin a tsakiyar shekarun 1990, ta sa masa sunan mai bishara R. A. Torrey. A can ɗalibai su kan karanta manyan littattafan dā, na Helenawa, da na iyayen ikkilisiya irin su Agustin, tare da Littafi Mai Tsarki, su zauna su tattauna. Jami'ar Baylor ta 'yan Baptis a Texas ta kafa tata kwalejin haziƙai a 2002.

Me ya sa manyan jami'o'in jiha su ke son abin haka? Domin sun yi girma ƙwarai. Waɗansu suna da ɗalibai dubu talatin ko dubu arba'in ko fiye. Ɗan shekarar farko ya kan zauna a zauren lacca tare da ɗaruruwan mutane, malamin bai san sunansa ba, ba kuwa zai sani ba. Shirin haziƙai kamar ƙaramar unguwa ce a cikin babban birni.

Ga yadda abin ya kan kasance, ko da ya ke kowace jami'a da nata tsari. A kan zaɓi ɗalibi bisa ga sakamakonsa na sakandare, da wani rubutu da zai yi da kansa, da shaidar malamansa. Waɗansu jami'o'i su kan bar ƙofa a buɗe ga wanda ya nuna ƙwazo bayan shekarar farko. Wanda ya shiga zai ɗauki waɗansu darussa a ƙananan azuzuwa na mutum ashirin ko kusa da haka, inda ba wurin ɓuya, tilas kowa ya yi magana. Sau da yawa a kan bar su su riga sauran ɗalibai zaɓen darussa, a ba su gidan kwana nasu, da malami mai ba su shawara. A shekarar ƙarshe ɗalibi zai yi bincike na kansa, ya rubuta kundi, ya tsaya gaban malamai ya amsa tambayoyi. A Amurka a kan auna matsakaicin maki bisa 4. Shirye-shirye da yawa su kan ce kada ɗalibinsu ya sauka ƙasa da 3.3 ko 3.5. In ya sauka a ja masa kunne, in bai farfaɗo ba a sallame shi ya koma cikin sauran ɗalibai. Waɗansu jami'o'i su kan haɗa shirin da taimakon kuɗi, waɗansu kuwa ƙarin kuɗi su ke karɓa. Wannan wajibi ne uba ya tambaya tun kafin a sa hannu.

Kada a rikita wannan da abin da muka saba gani a takardun digiri na jami'o'in Nijeriya. Kalmar nan ta girmamawa tana jikinsu su ma, amma mu daga Ingila muka gāje ta, tana tafiya ne da darajar digiri: daraja ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Ɗalibai duka aji ɗaya su ke zama, a ƙarshe a raba musu daraja. Abin da ya fi kama da na Amurka a wajenmu shi ne makarantar haziƙai ta Gwamnatin Tarayya a Suleja, wadda ta soma ɗaukar yara a 1990, sai dai ita ta sakandare ce.

AMSAR DA NA BA DATTIJO

Da mako ya kewayo na tafi gidansa da yamma. Aka shimfiɗa mana tabarma, Mama ta kawo kunun zaƙi ta zauna daga gefe. Na yi musu bayanin da na yi muku yanzu. Sa'an nan na ce, "Baba, rawani da gammo duk ƙyalle ne, duk kuma a kā a ke ɗora su. Wanda aka naɗa wa rawani jira ya ke a zo a gaishe shi. Wanda ya ɗora gammo kuwa jira ya ke a ɗora masa kaya. Takardar nan an rubuta ta da kalmomin rawani, domin jami'a tana so 'yarka ta zo. Amma da na duba abin da ke ciki, gammo ne."

Mama ta yi dariya ta ce, "In gammo ne, ai ta saba. Tun tana 'yar shekara bakwai ta ke ɗebo ruwa."

Suka yarda ta shiga. Amma tsoron dattijon ba na banza ba ne, ba kuwa zan ɓoye muku haɗarin da ke ciki ba.

Na fari, girmankai. Ka ware yaro ɗan shekara goma sha takwas, ka ba shi gida dabam, aji dabam, ka riƙa gaya masa ya fi sauran, sai mai tawali'u ƙwarai ne ba zai soma gaskata cewa da wani irin yumɓu dabam aka yi shi ba. A Amurka kanta akwai masu sūkar shirin a kan haka. Suna cewa ana kwashe malamai nagari da kuɗi a kai wa 'yan kaɗan, waɗanda yawancinsu dā ma 'ya'yan masu hali ne da suka yi sakandare mai kyau. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Manzo Bulus ma ya gargaɗi Korintiyawa a kan irin sanin da ke kumbura mutum ba ya gina kowa.

Na biyu, karaya. Yarinyar nan ba ta taɓa zuwa ta biyu ba tun daga aji ɗaya. A zangon farko ta rubuta takarda, malamin ya dawo mata da ita duk jan biro, ya ce ta kwashe abin da littattafai suka faɗa daidai, amma bai ga nata tunanin ba. Ta bugo mini waya tana kuka. Ta ce, "Malam, kuskure suka yi da suka ɗauke ni. Kowa a ajin nan ya fi ni." Na ce mata, "Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Yau kika soma makaranta. Dā can ke kike ja, yanzu kin sami masu jan ki. Gode wa Allah, ki koma wurin malamin ki tambaye shi yadda za ki gyara." A raina kuwa na san laifina ne rabi. Ni na koya mata hadda, ni na saba mata da yabo. Yaron da aka rene shi da "kai ne gwani" ya kan ɗauka darajarsa duka a maki ta ke. Ranar da maki ya faɗi sai ya ga kamar shi ne ya faɗi.

Na uku, ma'aunin mutum ya kan yi kuskure. A 1921 wani masani a Jami'ar Stanford mai suna Lewis Terman ya gwada basirar 'yan makaranta a Kalifoniya, ya ware kimanin 1,500 waɗanda suka fi kowa maki, aka riƙa bin labarinsu har tsufansu. Da yawa sun zama likitoci da lauyoyi da malaman jami'a, amma ba ko ɗaya da ya sami kyautar Nobel. A cikin yaran da aka gwada aka ce ba su kai ba kuwa, biyu sun same ta a fannin kimiyya: William Shockley a 1956, da Luis Alvarez a 1968. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido. Labarin Shockley yana da wani darasi kuma. Yana cikin mutum uku da suka ƙirƙiro taransista, 'yar na'urar nan da ta sa rediyo ya ƙanƙance har ya shiga aljihu. Amma ya ƙare kwanakinsa yana yawo yana cewa baƙar fata ba su kai farar fata basira ba tun daga halitta, har mutane suka guje shi. Kai mai ja dabam, hikima dabam.

Na huɗu, bangaskiya. A ƙaramin aji ba a barin wata magana ta wuce ba a tone ta ba. Za a tambayi ɗanka don me ya gaskata abin da ya gaskata, mai tambayar kuwa wataƙila ya fi shi karatu. Yaron da a gida ba a taɓa barinsa ya yi tambaya a kan Maganar Allah ba, sai tsawa, zai sha wuya a can. Wanda aka saba zama da shi a buɗe Littafi a nemi amsa tare, shi zai tsaya.

MAKARANTAR BABILA

Shirin haziƙai bai soma a Swarthmore ba. Ku buɗe littafin Daniyel sura ta fari. Sarki Nebukadnezzar ya umarci shugaban fādawansa ya zaɓo samari daga cikin kamammun Yahuza, lafiyayyu, masu saurin fahimta. Aka ware su, aka yanka musu abinci daga teburin sarki, aka sa musu shekara uku su koyi harshe da littattafan Kaldiyawa. A ƙarshe sarki da kansa ya yi musu jarrabawar baki. Zaɓe, da gida dabam, da karatu mai zurfi, da baƙon mai jarrabawa: ba abin da ya rage.

Daniyel da abokansa uku ba su ƙi karatun ba. Ba su ce ilmin arna ne ba. Sun zauna sun koya har suka fi masanan ƙasar nesa ba kusa ba. An sāke musu sunaye, suka haƙura. Amma sun san inda za su ja layi. A kan abincin sarki suka tsaya, cikin ladabi, suka roƙa a gwada su kwana goma da kayan lambu da ruwa. Littafin kuma ya faɗa a fili cewa Allah ne ya ba su sanin.

Abin da ya fi burge ni yana sura ta biyu. Sa'ad da sarki ya yi mafarki ya ce a kashe masu hikima duka, Daniyel ya koma gida ya nemi abokansa su yi addu'a tare. Da aka buɗe masa asirin, sai ya roƙa kada a hallaka masanan Babila, mutanen da ba su san Allahnsa ba. A gaban sarki ya ƙi karɓar yabo, ya ce ba don ya fi kowa hikima ne aka bayyana masa ba. Da aka ɗaukaka shi kuma bai manta da abokansa ba, ya nema musu aiki. Baiwarsa ta zama inuwa ga mutane da yawa. Ga mai gammo ke nan, ko da ya ke an sa masa rigar sarauta.

WANDA BA A ZAƁA BA

Yanzu zan faɗi abin da ya fi yi mini nauyi. Yarinyar nan tana da wa, ya girme ta da shekara biyu. Ya maimaita aji har ta tarar da shi, suka zauna gabana tare. Allah ya gafarta mini, sau nawa na tsai da shi a gaban yara na ce, "Dubi ƙanwarka! Ba nono ɗaya kuka sha ba?" A gida ma haka a ke yi masa. In baƙo ya zo, takardar sakamakonta a ke fito da ita, shi kuwa a aike shi sayen ƙanƙara. Bai gama sakandare ba ya bar makaranta, ya tafi koyon walda.

Sa'ad da tafiyarta ta matso, taimakon da jami'a ta bayar bai haɗa da kuɗin jirgi ba. Ikkilisiya ta yi baiko, zumuntar mata ta kawo nata, dattijo ya sayar da bijiminsa, duk da haka da saura. Wa ya cika? Yaron nan. Kuɗin da ya yi shekara uku yana tarawa don aure ya kwaso ya ajiye a gaban ubansa.

Da na ji, na tafi rumfarsa. Na same shi da baƙin gilashi a goshi yana auna ƙarfen ƙofa. Na ce, "Na zo neman gafara ne. Na ƙasƙantar da kai a gaban yara, ban kyauta ba." Ya ajiye awon, ya ɗan yi murmushi ya ce, "Haba Malam, ya wuce. Amma ka gani, ni ma na iya lissafi yanzu. In na kuskure da rabin inci, ƙofar nan ba za ta rufu ba." Na rasa abin da zan ce.

Ku tuna da misalin da Ubangijinmu ya bayar a Matiyu sura 25. Maigida ya ba bawa ɗaya talanti biyar, ɗaya biyu, ɗaya kuma guda, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Mai biyar ya kawo ribar biyar, mai biyu ya kawo ribar biyu. Ku karanta da kyau ku gani: yabon da aka yi wa na fari, shi aka yi wa na biyu, ba ragi ba ƙari. Wanda aka hukunta, ba don nasa kaɗan ne ba, sai don ya binne shi. Jami'a tana da iko ta ware mai biyar ta ba shi aji dabam, wannan aikinta ne, yana kuma da amfani. Amma gidan Kirista ba jami'a ba ne. A bakin murhu ba a raba tuwo bisa ga maki.

SHAWARA GA IYAYE

In Allah ya ba ku yaro mai kai, kada ku binne baiwarsa don tsoron girmankai. Ku nema masa abin da zai ƙoshi: littattafai, da malami mai ja masa gaba, da kowace ƙofa da ta buɗe, a gida ko a waje. Ƙin yin haka ma zunubi ne.

In takarda irin wannan ta zo, ku tambayi abu huɗu kafin ku amsa. Akwai ƙarin kuɗi? Wane maki ne tilas ya riƙe? In ya fita daga shirin, taimakon kuɗin makarantarsa zai tsaya ko zai ci gaba? Akwai ikkilisiya ko ƙungiyar ɗalibai masu bi a kusa da zai shiga?

Ku yabi ƙoƙarinsa fiye da kansa. Kan kyauta ce aka ba shi, bai saya ba. Ƙoƙarin ne nasa.

Kada ku ɗauke masa aikin gida don yana karatu. Ya yi shara, ya je gona, ya koya wa ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta abin da ya sani. Wuyan da ya saba da gammo tun yana ƙarami ba ya yi wa rawani ɗoki.

Kada ku taɓa dukan ɗa da sunan ɗan'uwansa. Ku nemi baiwar kowane ɗaya, ku kira ta da sunanta a gabansa, ku gode wa Allah dominta a addu'ar iyali.

Ku kuma, 'yan'uwana malamai, ku riƙa shiga aji da ƙarin aiki mai wuya a aljihu domin yaron da zai riga kowa gamawa. Ba ya bukatar kuɗi, ba ya bukatar izinin hedimasta.

Wataƙila kuna so ku ji ƙarshen labarin. Yarinyar ta koma wurin malamin nan, ta gyara, ta riƙe makinta. Kundinta na ƙarshe a kan tsabtar ruwan rijiya ta yi shi. Da ta zo hutu, wanta ne ya riƙa goya ta a babur ƙauye ƙauye tana ɗiban ruwa a 'yan kwalabe. Da ta gaya masa abin da ta gani a ruwan rijiyar da ke bayan majami'armu, bai ce kome ba. Bayan mako biyu sai ga shi da murfin ƙarfe a amalanke, ya kafa, bai karɓi ko kwabo ba. Ran Lahadin da za ta koma, na ga ta durƙusa har ƙasa tana gai da tsofaffin mata a ƙofar majami'a. Dattijo ya dube ni, ni ma na dube shi.

A wannan wata ina roƙo kowane gida ya karanta Daniyel sura ta fari da ta biyu a lokacin addu'ar dare. In an gama, uba ko uwa ya bi yaran ɗaya ɗaya, ya faɗi abu guda da Allah ya ba kowannensu, sa'an nan a tambaye shi wa zai amfana da shi.

Ubangiji ya ba mu hikimar renon abin da ya danƙa mana. Wata mai zuwa, in ya kai mu, za mu yi magana a kan yaron da ya kai aji huɗu bai iya karatu ba. Masu tambaya su aiko ta hannun Edita kamar yadda aka saba. Ku huta lafiya.